Furen da ke buɗewa bayan la'asar ya cinye mini lambu

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki inda nake shuka kuɓewa, yakuwa, alayyafo, tattasai da zogale. Bara da damina na sayi dashen gwaiba a wajen 'yan fulawa, bayan 'yan makonni sai wani tsiro ya fito a gindinta. Ya yi fure mai kyau, na bar shi. Da rani ya bushe ƙurmus, na ɗauka ya mutu. Bana ruwa na sauka sai ga shi ya dawo da rundunarsa, ya cinye rabin lambun, kuɓewata duk ta tsumbure. Na sare da fartanya, ya sake tohowa. Furen ba ya buɗewa sai bayan la'asar, da dare ƙamshi ya cika gida, da hantsi ya rufe. Wani ja, wani rawaya, wani ma kala biyu a fure ɗaya. Yana zubar da wasu baƙaƙen ƙwayoyi da yarana ke tsinta suna wasa da su. Uwar mijina ta ce furen da ke buɗewa lokacin da ake kiran yara su shigo gida ba na alheri ba ne, kuma tana zargin maƙwabciyata da muka taɓa samun saɓani kan ruwan kwata ita ta jefo mana. Wata kuma ta ce in dafa saiwar, maganin basir ce. Maigida ya ce zai sayo maganin feshi ya ƙone komai kowa ya huta. Muna da tumaki biyu a gidan. Ni kuwa gaskiya furen yana burge ni. Mene ne wannan abu, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin mu je ga sunan abin, akwai aikin da za ki yi yau ɗin nan. Ki share duk ƙwayoyin da suka zuba, ki lalube aljihun yara ki karɓe waɗanda suka ɓoye, ki ja musu kunne ba a kai su baki. Tumakin su zauna a turke, kada wani ya sare ganyen ya zuba musu da sunan ciyawa. Ita kuma mai cewa ki dafa saiwar, ki yi mata godiya ki bar maganar a nan. Da za ki tambaye ta sunan tsiron, sai ki ji ta fara kame-kame, "ai irin wannan ne da ake cewa..." Wanda bai san sunan abu ba, ina zai san adadin da ke warkarwa da adadin da ke kwantar da mutum? A gidan da ke da yara da dabbobi, duk tsiron da ba a san shi ba hukuncinsa ɗaya: ba a ci, ba a sha, ba a shafa, ba a ba dabba, sai an san ko shi wane ne.

To, kin taimake ni ƙwarai, don kin lura da abubuwan da yawancin masu irin tambayarki ba sa lura da su. Wasu sai su ce "kore ne, yana da fure", shi ke nan, kamar akwai tsiron da ba kore ba. Ke kin ba ni lokacin buɗewarsa, kin ba ni kalarsa, kin ba ni ƙwayarsa, kin kuma gaya mini ya mutu da rani ya dawo da damina. Waɗannan huɗun in suka haɗu, suna nuna tsiro guda: wanda masana ke kira Mirabilis jalapa, a ƙasashe da yawa kuma ake masa laƙabi da furen ƙarfe huɗu. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, yankunan Meziko da Peru. Turawan Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya a matsayin furen ado. Dangi ɗaya suke da bogenbiliya, waccan mai ƙaya da jan fure da kike gani ta leƙo ta saman katangun gidajen GRA.

Amma hasashen da aka yi daga wasiƙa sai an gwada shi a ƙasa. Ki fita lambun da la'asar sakaliya ki durƙusa gaban ɗaya daga cikin manyan. Tsayinsa bai kamata ya wuce ƙugunki ba, mita ɗaya ko ƙasa da haka, ya yi rassa ya baje. Karan mai ruwa-ruwa ne, yana karyewa ɓas a hannu, kuma duk inda reshe ya fito gaɓar a kumbure take. Ganyen suna fitowa bibbiyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, masu faɗi a gindi da tsini a baki, ba ƙaya, ba kaushi. Furen siririn bututu ne da ya buɗe baki ya kasu biyar, duka-duka bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Idan ya yanƙwane ya faɗi, yana barin wani ɗan koren kofi, a cikinsa ƙwaya ɗaya tak, da farko kore, daga baya ta yi baƙi ƙirin da tamoji-tamoji, ta ɗan fi masoro girma. Ki riƙe wannan: fure ɗaya, ƙwaya ɗaya, a fili ba cikin kwanso ba.

Sai babbar shaida, wadda ke ƙarƙashin ƙasa. Ki sa shebur ki haƙa gindin wanda ya fara fitowa bara, kusa da gwaibar, a hankali kada ki yanke jijiyar gwaiba. Za ki tarar da saiwa mai kauri, baƙa-baƙa a waje, fara a ciki, ta yi ƙasa da tsini. Ita ce amsar tambayarki ta "na sare ya dawo". Daminar Katsina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin sai rana da iska. Tsiron yana tara abinci da ruwa a cikin wannan saiwa, da rani ya saki ganyensa ya kwanta, ruwan farko na sauka ya tashi da ƙarfinsa tun kuɓewarki ba ta fasa ƙasa ba. Fartanya kai kawai take cirewa, rumbun yana nan. Shi ya sa ya riga kowa girma ya yi wa kuɓewa inuwa, ya shanye mata ruwa da taki.

Idan duk waɗannan sun dace, kin samu sunansa. Kuma ki sani ƙwayar da saiwar suna da guba: ciwon ciki, amai da gudawa suke sawa, ruwan jikinsa kuma yana iya sa wa wasu ƙaiƙayi. A da can an yi amfani da saiwar wajen wanke ciki, amma mai fama da basir gudawa ba taimako ba ce gare shi, yaro ƙarami kuwa amai da gudawa na iya ƙarar masa da ruwan jiki cikin yini guda. In kin taɓa ganin yaro ya tauna ko ya haɗiye, ki ɗauke shi zuwa asibiti tare da reshen tsiron da ƙwayar a leda. Kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro.

Abin da ya sa na nace sai kin duba da idonki shi ne zaƙami. Shi ma da yamma yake buɗe fure, shi ma bututu ne, shi ma yana ƙamshi da dare, kuma yana son wurin da aka zuba taki ko tsohon juji. Wanda ya ji labarin biyun daga nesa yana iya haɗa su, amma a ido ba su yi kama ba. Furen zaƙami ƙato ne, tsawonsa ya kai tafin hannu ko ya fi, fari ko mai shunayya. Ganyensa manya ne, in kika murza sai wani wari mai hawa kai ya bugi hancinki. 'Ya'yansa dunƙule ne mai ƙaya, in ya bushe ya fashe sai ki ga ƙwayoyi fal a ciki, masu faɗi, ba ɗaya ba. Wannan ba ya cikin abin da ake jinkiri a kansa. Duk jikinsa guba ce, tun daga saiwa har ƙwaya, mun kuma san abin da yake yi wa samarin da ke ganganci da shi: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya yi ta sambatu yana kama abin da babu. Yana kisa. Ba a banza wasu ke ce masa haukata-yaro ba. In kika ga ɗan ƙayar nan ko guda ɗaya a lambun, ki manta da duk maganar ado, a tumɓuke shi ranar.

Sauran waɗanda kan mamaye gida da fure mai kyau, bayaninki ya riga ya fitar da su, sai dai zan ambace su saboda wasu masu karatu. Duman rafi yaɗo yake yi a ƙasa, yana kafa jijiya a kowace gaɓa, furensa da safe yake buɗewa, dabbar da yunwa ta sa ta ci shi da yawa kuma takan kama karkarwa da tangaɗi. Wuta-wuta ta fi fitowa inda aka shuka gero, dawa ko masara, don a jijiyarsu take maƙalewa tana tsotsa. Furenta ruwan hoda ne mai kyan gani, amma tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai masu laushin ƙura, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Wanda ya ga wannan a 'yar masarar bayan gida kada ya bari ta yi fure. Akwai kuma Lantana, mai ƙananan furanni a cure wuri ɗaya, rawaya da ruwan goro da ruwan hoda, ganye mai kaushi da ƙarfin wari, 'ya'ya ƙanana da tsuntsaye ke ci suna rarrabawa. Ita hantar shanu da tumaki take lalatawa.

Kin ga ke nan yadda ake gane tsiro. Ganye kaɗai ba ya isa, don ganyaye da yawa suna kama da juna. Fure, 'ya'ya, saiwa, kalar ruwan da ke fita in an karya, warinsa, da lokacin da yake buɗewa, su ne ke raba gardama.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Ki yanko reshe mai ganye da fure da ƙwaya, ki haɗa da saiwar, ki fara da mutumin da ya sayar miki da gwaibar. Ina kyautata zaton za ki ga irinsa a jere cikin ledojinsa ko ya fito da kansa a gefen rumfar. Sai dai wasu 'yan fulawar in ka tambaye su suna, "fulawa ce Hajiya" kawai za su ce, ko su ƙirƙiro maka wani nan take don kada a ce ba su sani ba. 'Yan lambun Ƙofar Marusa da na Ƙofar Durɓi sun san duk ciyawar da ke damun kayan miya, makiyayi ya san abin da dabba ke ci da wanda take kauce wa, tsofaffin da ke tsinko tafasa da yaɗiya sun san abin da ke shiga tukunya. In duk waɗannan suka juya reshen suka ce ba su san shi ba, wannan ma amsa ce: baƙo ne, ba ɗan dajinmu ba, ta hanyar ado ya shigo. Daga nan sai malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, ko sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake kwatanta samfur da samfur. In abin zai yi tafiya, kada ki ƙulle shi a leda ya ruɓe. Ki shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ko kwali, ki danne da abu mai nauyi ya bushe a miƙe, ki rubuta kalar furen da lokacin buɗewarsa a takarda, don bushewa na canza kala.

Wayarki ma tana da amfani. Akwai Google Lens, akwai manhajar PlantNet da masana a Faransa suka ƙirƙira, wadda za ta tambaye ki ko hoton ganye ne, ko fure, ko 'ya'ya. Ki ɗauki hoton da rana ba ta faɗi ba, ba tare da filasha ba, fure ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, ganye a kan farar takarda, ki ajiye kan ashana kusa da ƙwayar don a ga girmanta. Furannin ado irin naki sukan gane su da sauri, saboda mutane a ƙasashe da yawa sun ɗora hotunansu. Ciyayin dajinmu ne suke yawan ruɗewa a kansu. Duk sunan da waya ta ba ki, ki nemi hotunansa ki gwada da abin da ke hannunki gaɓa-gaɓa, kuma kada a taɓa cin wani abu ko shan sa don waya ta ce ana ci. Haka nan tura hoto a zauren WhatsApp na dangi: kafin isha za ki samu suna biyar da cuta goma da wai yake warkarwa.

Yanzu maganar maƙwabciya, wadda ta fi furen damuna. Ki sake karanta wasiƙarki. Tsiron farko ya fito ne a gindin gwaibar da kika sayo, 'yan makonni bayan kin dasa ta da ƙasarta ta cikin leda. Ƙwayar wannan fure tana da nauyi, iska ba ta ɗaukar ta, gindin uwarta take faɗuwa. A rumfar 'yan fulawa kuwa ledoji a cushe suke gefe da gefe, wannan na zuba a cikin wancan, ƙasar da ake cika su da ita ma an gauraya ta da taki da sharar wurin. Kuɗin gwaiba kika biya, aka ba ki gyara ba ki sani ba. Mai jifa ta kan katanga cikin dare ba ta da saitin da za ta jefa ƙwaya ɗaya ta faɗa daidai gindin gwaiba. Yawan da ya yi bana kuma lissafi ne: a ce tsiron bara fure goma kawai yake buɗewa kowace yamma, cikin wata biyu fure 600 ke nan, ko rabinsu ne suka yi ƙwaya kin ga abin da ya kwana a ƙasarki yana jiran ruwa. Ƙara da tsintsiya da ƙafafun yara da suka rarraba su lungu-lungu. Zato zunubi ne, saɓanin ruwan kwata kuma bai kamata ya girma ya koma zargin asiri ba, don irin wannan magana in ta fita daga gida ba ta dawowa, har 'ya'ya sai su gaje ta.

Hajiya uwar mijinki kuma ba za ki ci mata fuska ba. Tsoronta daga ƙauna ya fito, jikokinta take karewa, kuma a kan abu ɗaya ta fi kowa gaskiya a gidan: yaran su nisanci tsiron. Inda ta kuskure shi ne dalili. Buɗewa da yamma ba baƙon abu ba ne a wurin tsirrai, ita ma ta san da yawa, ba ta dai haɗa su da wannan ba. Duma, wanda ake fafe ƙwaryar da take dama fura a ciki, farin furensa da yamma yake buɗewa. Furen kuka da magariba yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa masa cikin dare, ga shi kullum muna kaɗa miyarta. Gyaɗa da tafasa suna naɗe ganyensu in rana ta faɗi. Kowane tsiro da baƙin da yake jira su ɗaukar masa garin fure daga wannan zuwa wancan. Na rana suna jiran ƙudan zuma, naki yana jiran wani irin malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki, shi ya sa yake sakin ƙamshi bayan duhu don a same shi. Sanyin yamma da raguwar haske ne ke buɗe shi. Ki lura, ranar da aka yi zafi sosai sai ya makara har kusan magariba, ranar da aka tashi da hadari kuma sai ki same shi a buɗe har hantsi ya yi nisa.

Kala biyu a fure ɗaya ma halittarsa ce, da ita aka san shi a ko'ina. Masana ilimin gadon halitta sun daɗe suna aiki da shi saboda haka. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Carl Correns, ya wallafa bincikensa a kan dabbare-dabbaren ganyen wannan tsiro a 1909, kuma har yau littattafan bayoloji suna kawo misalinsa, cewa in aka haɗa mai jan fure da mai fari sai 'ya'yan su fito ruwan hoda. In kina da ɗan sakandare a dangi, ƙila ya taɓa zana shi a littafinsa bai san yana bayan ɗakinku ba.

Amma kada ki je wa Hajiya da sunan Bature da shekarar bincike, za ta ga kamar kina koya mata karatu. Ki bari maigida ya yi magana da mahaifiyarsa, ke ki kawo shaida. Ranar da za a haƙa, ki roƙe ta ta zo ta gani, ki miƙa mata saiwar a hannu ki ce, "Hajiya, ashe ga abin da ke dawo da shi, dubi yadda ya yi gindi." Ki tambaye ta yadda suke yi da ciyawa mai irin wannan saiwa a gona, za ta ba ki labarin aya-aya da yadda take wahalar da mai noma. In an samu irinsa a wurin mai fulawar, maigida ya ɗauko hoto ya nuna mata. In ta ce a yi addu'a a tofa a gidan, a yi, azkar ɗin safe da yamma dama ba sai an ga fure ake yin su ba. Abin da ba za ki yarda da shi ba, cikin ladabi, shi ne a kira sunan maƙwabciya, ko a ɗauki kuɗi a kai wa mai duba.

Shawarar maigida ta feshi ban goyi bayanta ba. Magungunan ciyawa da ake sayarwa a kasuwa iri-iri ne. Masu sinadarin gilaifoset ba sa tantancewa, duk koren da suka taɓa sai ya mutu, har kuɓewa da yakuwa da 'yar gwaibar, kuma tsiro mai ƙatuwar saiwa yakan sake tohowa bayan feshi ɗaya. Masu sinadarin farakwat kuwa saman kawai suke ƙonewa, saiwar ko a jikinta, ga shi guba ce mai tsanani ga mutum, kurɓi kaɗan na kisa kuma ba ta da makari, har hukumar NAFDAC ta sa shi cikin waɗanda ta haramta. Lambun da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, wanda daga shi sai tukunya, ga yara ga tumaki, bai cancanci a ajiye irin wannan kwalba a gidan ba. Kuɗin maganin a ba wani matashi ya zo da shebur da diga.

Ga yadda za a yi. A jira washegarin ruwa, ƙasa ta yi laushi. Kafin a taɓa komai a tsince ƙwayoyin da ke jikin rassan a zuba a gwangwani, don girgiza tsiron zai zubar da su. A yanke rassan a tara a kan buhu. Sannan a haƙa kowane gindi, a fara daga nesa da shi kamar taƙi ɗaya na hannu, a yi ƙasa sosai, a ɗago saiwar ɗungurungum. Kada a finciko, tana karyewa, guntun da ya rage kuma yana iya tohowa. Na gindin gwaiba da hannu da ƙaramin ƙarfe za a bi shi. Mai aikin ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Waɗanda suka tsiro bana saiwarsu ba ta yi ƙwari ba, za su fito da sauƙi. Manyan bara ne masu aiki.

Abin da aka haƙo kada ya je juji, kada ya shiga ramin taki. Kin san sharar birni ita ce ake kwasa da rani a kai gonakin bayan gari, sai ki ga abin da ya dame ki ya koma damun wani. A baza saiwoyin da ƙwayoyin a kan tsohon kwanon rufi, inda yara da tumaki ba sa kai wa, su bushe ƙayau, a ƙone.

Kuma ki sa a ranki ba a gama da shi a damina ɗaya. Ƙwayoyin da ke cikin ƙasa za su ci gaba da fitowa bana da baɗi. Ki koyi kamannin jaririnsa: ganye biyu masu faɗi da zagaye, sun fi na yawancin ciyayi girma. A wannan matakin da yatsa biyu ake zare shi. Zagaye ɗaya a mako, da safe kafin rana ta yi zafi, ya isa, muddin ba ki bar ko ɗaya ya kai ga fure ba.

Kin ce yana burge ki, kuma ban ga laifinki ba, fure ne mai kyau da ƙamshi, ga juriya, ba ya neman komai. Ana iya zama da shi in an tsare shi. Ki zaɓi saiwa ɗaya ta kalar da kika fi so, ki sa a tsohon bokitin fenti da aka huda ƙasansa, ki ajiye a kan siminti nesa da lambu, inda duk ƙwayar da ta faɗi za ki gan ta. Kowace safiya ki tsinke furannin da suka yanƙwane tare da ɗan kofinsu, ba zai samu damar yin iri ba. Sai dai sharaɗi biyu. In autanki har yanzu yana cikin masu kai komai baki, ki haƙura sai ya yi wayo. In kuma bayan duk bayani hankalin Hajiya bai kwanta ba, ki bar shi ya tafi, 'yan fulawa suna da wasu furannin da ke buɗewa da rana tsaka, ki saya a sa a bokitin.

Wurin da aka haƙe kada ki bar shi fili, don ƙasa a buɗe gayyata ce ga ƙwayoyin da suka rage. Ki baje, ki zuba ruɓaɓɓen takin tumakinki, ki watsa alayyafo da kauri, cikin mako uku zuwa huɗu kin fara yanka, inuwarsa kuma za ta danne masu son fitowa. Tsakanin layukan kuɓewar da ta tsira ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kwali. Nan gaba duk dashen da kika sayo, ki bar shi a ledarsa a kan siminti mako biyu kina ba shi ruwa, ki zare duk abin da ya tsiro a gefensa, sannan ki kai shi ƙasa.